Gurbin da ke Jikin na Donato

Serrapetra, 27 ga Fabrairu, 2000

Zuwa ga jikana Saverio, attajirin Milano,

Kafin gaisuwa ga kacici-kacici, ka cire wayar nan da ta manne maka a kunne ka ba ni amsa. Gida ne mai hawa biyar, ba matakala a cikinsa. Masu hali suna ƙasa, talakawa suna sama. Sau ɗaya ake biyan haya, kuma tun da aka gina shi ba maƙwabcin da ya taɓa kai ƙarar maƙwabci. Wane gida ne? Kai da aka kashe wa kuɗin jami'a, mu gani.

To, yanzu gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, kana kuma cin abinci a zaune kamar ɗan mutane. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ta shiga yajin aiki tun Kirsimeti.

Ranar Talata ina canza wa kakanka Donato ruwan furanni sai Mimmo mai gadin maƙabarta ya tare ni. Ya ce hukumar gari ta daina aiki da alkawarin baki. Duk wanda aka ajiye wa gurbin binnewa a bango ya biya kafin ƙarshen Oktoba, in ba haka ba a ba na bayansa a layi. Gurbin da ke jikin na Donato, a jeri na biyu, daidai ƙirjina, shekara tara ke nan Mimmo yana kwance a kansa saboda ni kamar kaza a kan ƙwai. Lira miliyan bakwai suke so. Ka san wa ke bayana a layi? Biagio mai aski! Mutumin da kakanka ya yi shekara talatin bai ce masa sannu ba saboda bishiyar ɓaure guda da ke kan iyakar gonakinsu. Ka duba min wannan, a jera su kafaɗa da kafaɗa har tashin kiyama, ni kuma a kai ni can wani lungu.

Saboda haka ina neman kuɗina. Miliyan goma sha biyun nan da na kwashe daga littafin ajiyata na gidan waya bara na damƙa maka a kicin, ka ce za ka sa min a shagon nan marar ƙofa da kamfaninku ya zuba wa jari, mai sayar da cuku da man zaitun ta cikin kwamfuta. Ban ce ka dawo da duka ba. Bakwai kawai, sauran ka bar su su ci gaba da haihuwa. An nuna ku a talabijin ranar Litinin kuna tafi a kasuwar hannun jari, na hango rabin kanka a bayan wani mai sanƙo. Har Fadan cocinmu ya tare ni bayan addu'a yana tambaya ko da sauran wuri.

Kada ka kira waya. Wayar tana ƙasa wurin uwarka, ita kuwa kunnenta na zomo ne. Babanka Vito har yau ya ɗauka littafina yana nan ƙarƙashin zannuwan gado. Ka tuna abin da ya faɗa ranar da ka nemi nasa kuɗin ya hana ka: in ka kuskura ka taɓa na tsohuwa, ba shi ba kai. Ka rubuto, ni nake tare mai kawo wasiƙu a bakin ƙofa.

Allah ya tsare min kai.
Kakarka,
Nonna Sabella

Milano, 8 ga Maris, 2000

Nonna abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan gwiwar ta koma bakin aiki. Ki yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yi tsakanin taro biyu.

Ki zauna kafin ki karanta wannan. Miliyan goma sha biyunki yau da safe sun kai miliyan ɗari uku da goma. Ban yi kuskuren sifili ba. Da kuɗinki za ki iya sayen bangon gaba ɗaya, ki ba Biagio haya a can ƙarshe kusa da famfo. Mutumin mai sanƙo shi ne maigidana, Dottor Galbiati, kuma ya ce ba a fara komai ba tukuna. Mun koma sabon ofis a hawa na goma sha huɗu. Kullum mutum ashirin ke zuwa da takardu suna roƙo mu zuba musu kuɗi, wasu ko gemu ba su yi ba.

Sai dai akwai wani ɗan abu da ban yi miki bayani ba a kicin, don a lokacin ban ga muhimmancinsa ba. Ba a yarda mutumin waje ya shiga tun farko ba, sai ma'aikatan kamfaninmu, shi ya sa na haɗa kuɗinki da nawa na sa da sunana. Ƙa'ida kuma ita ce, duk wanda ya shiga tun kafin a kai shago kasuwa sai ya sa hannu ba zai sayar da ko ƙwaya ɗaya ba har wata shida, don kada mu na ciki mu zubar mu gudu mu bar jama'a. Kowa haka yake yi. Ranar 21 ga Agusta za a buɗe mana, kin ga akwai fiye da wata biyu kafin wa'adin hukuma.

In kuma hankalinki ba zai kwanta ba, zan haɗa bakwai ɗin daga albashina da ɗan abin da zan ara wurin aboki, ki biya a wannan watan a wuce wurin.

Kacici-kacicinki ban samu lokacinsa ba. Na ba ki gari, na ba ki Milano duka.

Naki har kullum,
Saverio

Serrapetra, 2 ga Afrilu, 2000

Saverio ɗan nema,

Ina gaishe ka, ina gaishe da mai sanƙo. Milano ba na so, ka riƙe kayanka, amsa kuma ba za ka ji ta a arha haka ba.

Aro? A gidanmu? Kakanka shekara shida yana ɗaukar duwatsu a Jamus, ya dawo ya biya gurbinsa da hannunsa, ya karɓi rasit ya sa a aljihun rigar da aka binne shi da ita. Uwata ma da kuɗin ƙwanta ta sayi nata. Ba a kwanciyar ƙarshe a kan kuɗin wani. In na shiga da bashin abokinka, duk matar da ta wuce da furanni sai ta nuna wa ta kusa da ita da haɓa. Kuɗina nake so, wanda na tara da tsinkar zaitun da saƙar safa. Agusta ba nisa, zan jira.

Na gane bayaninka sarai, kada ka ɗauka don aji uku na yi ban gane ba. An ba ni saniya, an ɗaure ta a gidan wani, an ce in riƙa leƙa ta ta katanga ina jin daɗin ƙibarta. Yanzu kullum sai na sa mai sayar da jarida ya duba min lambarku a shafin baya. Ya ce makon nan ta ɗan rame. Na ce azumin Ista take yi.

Bari in ba ka labarin shagonku. Matar likita ta sa an sayo mata man zaitun kwalba ɗaya ta kwamfuta, don a ce ita ma ta waye. Bayan kwana huɗu sai ga mota ƙatuwa ta kasa shiga lungunsu, direba ya sauko da kwali kamar na talabijin, a ciki kwalba ɗaya an naɗe ta kamar jaririya. Kuɗin kawowa ba ko sisi. Muka juya kwalbar muka karanta, ashe a matatsar da ke bayan tudunmu aka tatse shi. Man nan ya je Milano ya ga duniya ya dawo gida, kuma ya fi arha a kan wanda bai je ko'ina ba. Na tambayi matan da ke wurin, to wa ya biya kuɗin motar? Ba wadda ta sani. Ni na sani, amma na ja bakina na yi shiru.

Ka ci abinci. Ka aske wannan gashin.
Nonna

Milano, 18 ga Yuni, 2000

Nonna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki gafarta min jinkiri.

Na san mai jarida yana gaya miki, don haka ba zan ɓoye ba. Tun watan Afrilu abin ya juya, daga Amurka ya faro ya iso mana. Naki yanzu miliyan sittin ne da 'yan kai. Dottor Galbiati ya ce kasuwa numfashi take ja. Masu zuwa roƙo sun ragu, waɗanda muka riga muka ba su ne ke zuwa yanzu, kowa da fuskar mai jinya.

Abin da ya fi ci min rai, Nonna, allon yana gabana daga safe har yamma. Ina kallon lambar tana sauka, maɓallin sayarwa yana nan ƙarƙashin yatsana, ba ni da ikon taɓa shi. Mutanen da suka saya a kasuwa bayanmu suna fita yadda suka ga dama. Mu da muka fi kowa sanin abin da ke cikin tukunyar, mu ne aka kulle da ita. Ko aikin ba zan iya bari ba, in na tafi kafin wa'adi rabona ya tafi, naki kuma a cikinsa yake.

Amma ko da ta sake rabewa biyu, ta kuma rabewa, bakwai ɗinki suna nan. Ranar 21 ga Agusta da an buɗe kasuwa zan sayar, ki ga takardar kuɗi a gidan waya kafin mako ya zagayo. Na yi miki alkawari.

Jikanki,
Saverio

Serrapetra, 30 ga Agusta, 2000

Saverio,

Ina gaisuwa, in har kana raye.

Ba ka zo hutun tsakiyar Agusta ba, uwarka ta soya barkono na mutum shida muka ci mu uku. Na ce mata aiki ne. Tun ranar Laraba kuma kullum ina gidan waya. Yarinyar da ke kan kanta da ta hango ni sai ta girgiza kai tun ban hau matakala ba, don ta rage min wahalar gwiwa. Jiya na ce mata tambarin wasiƙa na zo saya. Yanzu ina da tambari goma sha ɗaya da jika ɗaya da ba ya rubutu.

Biagio ya fara zuwa maƙabarta da yamma. Na same shi tsaye gaban gurbina, hannu a baya, yana auna shi da ido kamar mai zaɓen kankana. Na ce, "Biagio, ba zai ɗauke ka ba, cikinka ya yi yawa." Ya ce, "Kafin lokacin zan rame, Sabella." Ka ji tsohon banza.

Mai jarida ya ce har yanzu lambarku tana shafin, ƙanƙanuwa dai amma tana nan. To in an buɗe ƙofar, me ya hana ka fitowa? Ka gaya min gaskiya. Na haifi uku na binne ɗaya, ba takarda ce za ta kashe ni ba.

Kakarka da ke jira,
Sabella

Milano, 9 ga Satumba, 2000

Nonna,

Ban san da wane baki zan gaishe ki ba.

Ba a buɗe ƙofar ba, kuma da hannuna aka ƙara mata kwaɗo. Ranar 17 ga Agusta aka tara mu. Kuɗin da ya rage wa shagon na mako bakwai ne. Wani banki ya yarda ya kawo sababbin masu zuba jari, da sharaɗin duk mu na ciki mu sake sa hannu ba za mu sayar ba sai Fabrairu. In mutum ɗaya ya ƙi, maganar ta rushe, ma'aikata casa'in su koma gida. Aka zagayo da takardar, ni ne na ƙarshe a teburin. A ranar naki miliyan goma sha tara ne. Na lissafa a raina, na san ya ishe ki har da canji. Dottor Galbiati ya miƙo min alƙalaminsa ya ce, "Saverio, kai ma ɗan gida ne, ko ba haka ba?" Mutum goma sha ɗaya suna kallona. Na sa hannu.

Na gaya wa kaina zan samo bakwai ɗin ta wata hanya in ce miki naki ne. Ga sauran abin da ban gaya miki ba. A watan Maris na ci bashin banki a kan rabona na ƙara sayen hannun jarin, kamar yadda kowa a ofis ya yi. Yanzu bankin yana cire rabin albashina kafin in gan shi. Abokin da zan ara a wurinsa a kan kujerar ɗakina yake kwana. Na sayar da babur da agogo, ga takardar kuɗi ta miliyan biyu da dubu ɗari uku a cikin ambulan. Iyakar abin da na iya ke nan.

Nonna, ki gaya wa Baba. Yana da kuɗin, zai biya a rana ɗaya, ke uwarsa ce. Abin da zai yi min ni na jawo. In ba za ki iya ba ni zan kira shi. Kada ki rasa wurin da ke jikin na Nonno Donato saboda ni.

Saverio

Serrapetra, 16 ga Oktoba, 2000

Jikana,

Ina gaishe ka. Ka ajiye wayar nan, kada ka kira kowa. Na hana ka.

Na yi wata guda ina fushi da kai, na ji daɗin fushin kuwa, ya fi maganin likita tayar da ni da safe. Sannan na ce to, Sabella, girman kai ba ya buɗe gurbi. Jiya Lahadi na sa baƙar rigata mai kyau na sauka cin abinci, maganar tana bakina a shirye, har na gwada ta a gaban madubi.

Ana cikin cin taliya babanka ya ajiye cokali ya ce, "Mamma, kin ji labarin ɗan mai kantin magani? Ya kwashe kuɗin uwarsa da na gwaggonsa ya zuba a wannan haukar ta kwamfuta, yanzu gidansu za a sayar." Uwarka ta yi alamar gicciye. Sai ya ce, "Namu dai ko me ya yi, kansa ya yi wa. Bai taɓa na kowa ba. Na yi masa tsanani a bara, Mamma. In ya zo Kirsimeti zan gaya masa da bakina." Ka san babanka. Tun da aka yaye shi ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba. Idonsa har ya kawo ruwa, ya ce barkono ne.

Sai ya juyo ya ce, "Af, kin je kin biya gurbin? Saura mako biyu fa. Ki ɗauko littafin in kai ki gobe." Na ce, "Tun yaushe na zama yarinyar da ake rakawa? Miƙo min cuku." Maganar da na gwada a madubi ta bi taliya ta sauka.

Yau da safe na tafi shagon Biagio. Shekara arba'in rabona da taka wurin. Na ce ya ɗaga min ƙafa har Fabrairu, in sunansa ya fito ya ce bai shirya ba. Ya daɗe yana wasa askarsa a jikin fata. Can ya ce, "In na ce ban shirya ba, na bayana za a ba, ba ke ba. Mutum goma sha huɗu ne a layin." Na ce to me ya sa ma sai nan, bango duk ga shi? Ya ce, "Sabella, ba ni da mata, ba ni da ɗa. Duk cikin bangon nan wa na sani kamar Donato? Shekara talatin kullum da shi nake kwana nake tashi." Na nemi zagin da zan yi masa na rasa. Ni, Sabella, na rasa zagi.

Ga ni nan dai. In na buɗe baki ka rasa uba, in na rufe na rasa Donato. Saniyata tana gidan mutane tana ramewa, ni ina wannan gefen katanga. Na je wurin kakanka na gaya masa duka. Bai ce komai ba, amma dama ko da ransa haka yake in maganar kuɗi ta taso.

Ka ci abinci ko da a tsaye ne.
Nonna

Serrapetra, 3 ga Nuwamba, 2000

Saverio,

Gaisuwa. Jiya ranar matattu, maƙabarta ta cika, kowa da kyandir da furanni.

Biagio ya biya ranar Talata da la'asar. Har ya sa an goge marmarar murfin gurbin.

Takardar kuɗinka na karɓa, ba a matsayin kyauta ba, na cire ta daga cikin goma sha biyuna, don haka da kuɗina na saya. Mimmo ya samo min gurbi na miliyan biyu a can ƙarshen bango. Na gaya wa babanka ni na zaɓa, na ce ƙasa akwai danshi, kuma shekara arba'in da ɗaya na sha munsharin Donato, ya isa. Ya yi ihu har maƙwabta suka leƙo, ya ce tsufa ya taɓa min kai. Gara ya ce haka. Littafin gidan wayar na jefa a murhu, in na mutu su ce na ɓatar.

Ka zo Kirsimeti ka zauna ka saurari abin da ubanka zai gaya maka, ka kuma riƙe bakinka. In Fabrairu ta zo da wani abu ka saya wa kanka takalmi. Abu ɗaya nake bin ka. Inda za a sa ni hannu ba ya kaiwa, sai an jawo tsanin ƙarfen nan mai ƙara. Uwarka tana jin jiri, babanka ya yi nauyi. Duk ranar biyu ga Nuwamba kai za ka hau, kuma ban yarda da furen roba ba.

Allah ya yi maka albarka, ɗan nema.
Kakarka,
Nonna Sabella

Na manta. Gidan nan mai hawa biyar bangon maƙabartarmu ne. Ɗakina yana hawa na biyar, lamba ɗari biyu da goma sha huɗu.